Kare Mai Zaɓen Abinci da Yadda Za a Sauya Masa Zuwa Busasshen Abinci

  Yau maganarmu a kan kare ce, da abin da a ke zuba masa a kwano.

Bahaushe ya san kare tun kaka da kakanni, na farauta da na kiwo da na gadi, amma bai saba saya masa abinci ba. A gida, sauran tuwo da ƙanzo da ƙasusuwa su ne rabonsa. To, amma wanda zama ya kai shi Ingila ko Amurka, ko kuwa wanda ya kama aikin gadi a Akara ko Kumasi ko Duwala aka danƙa masa karnukan maigida, ya tarad da wata al'ada dabam. A can abincin kare a buhu ya ke zuwa daga kanti, busasshe, an dunƙula shi ƙanana-ƙanana kamar ƙuli-ƙuli. A Ingila da Wales ma akwai doka ta shekarar 2006 wadda ta ɗora wa duk wanda dabba ke hannunsa nauyin ba ta abincin da ya dace da ita, ko tasa ce ko amana aka ba shi.

Ga inda wahalar ta ke. Mutum ya kashe kuɗinsa ya sayo buhu, ya zuba a kwano, kare ya zo ya shinshina, ya ɗaga kai ya dube shi, ya juya ya yi tafiyarsa. Gobe ma haka. Sai hankali ya tashi, a soma cewa karen nan tsirfa gare shi. Abin da mu ke so mu nuna yau shi ne, yawancin wannan ƙi yana da dalilin da a ke iya ganewa, kuma hancin kare da cikinsa duka biyu suna bukatar lokaci kafin su karɓi baƙon abinci. Wanda ya ba su lokacin nan, galibi a cikin mako guda ko biyu zai ga biyan bukata.

Bari mu fara da asalin abincin kansa. Wajen shekarar 1860 wani Ba'amurke mai suna James Spratt, wanda ke zaune a London, ya soma gasa wa karnuka biskit na alkama da ganye da nama yana sayarwa. An ce ganin karnuka suna cin ragowar biskit na matuƙan jirgin ruwa a bakin tasha shi ya ba shi dabarar. Daga baya abincin gwangwani ya yi kasuwa a Amurka, har lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, ƙarfen yin gwangwani ya yi wuya, masu sana'ar suka koma ga busasshe. A shekarar 1957 kamfanin Purina ya baza wani iri da ya kira Dog Chow a kasuwannin Amurka, wanda aka yi da sabuwar hanya, kuma ita ce hanyar da yawancin masana'antu ke bi har yanzu.

Ga yadda ta ke. A kan niƙa hatsi da busasshen nama da sauran kayan haɗi su zama gari, a kwaɓa da ruwa da tururi, a tura ƙullun cikin wani bututun ƙarfe mai zafi ƙwarai, inda na'ura ke matsa shi har ya dahu. Daga nan ya fito ta waɗansu 'yan ramuka, wuƙa tana yanka shi guntu-guntu, ya kumbura, a busar da shi. A ƙarshe sai a fesa masa maiƙo da wani romo mai ƙanshi, wanda sau da yawa daga hanta a ke yinsa. Ku riƙe wannan na ƙarshe da kyau: ƙanshin da ke jawo kare a bayan ƙwayar ya ke, a cikin maiƙon nan da aka fesa.

Me ya sa ƙanshi ya zama abin lura haka? Domin kare da hanci ya ke cin abinci kafin baki. A harshen mutum akwai 'yan wuraren ɗanɗano wajen 9,000, na kare kuwa wajen 1,700 ne kaɗai. Amma in aka koma hanci sai labari ya juya. Mutum yana da ƙwayoyin jin wari wajen miliyan 5 ko 6, kare kuwa yana da fiye da miliyan 100, a waɗansu iri ma har su kusa miliyan 300. Saboda haka abin da ka ke gani ƙwaya ce kawai mai launin ƙasa, shi a wurinsa cikakken labari ne: ko maiƙon sabo ne ko ya daɗe, ko kwanon yana warin sabulu, ko abin ya yi kama da wanda ya sani.

To, kafin ka sauya kome, akwai tambayoyi uku da ya kamata ka yi wa kanka.

Ta farko, karen lafiyarsa ƙalau? Kare da ya saba ci da marmari, rana ɗaya ya daina, wannan ba tsirfa ba ce sai an tabbata. Ka ɗaga leɓensa ka duba haƙora da dasashi, gama mafi yawan karnukan da suka wuce shekara 3 suna da alamar ciwon dasashi, kuma busasshen abinci yana da tauri ga mai ciwon baki. Irin wannan kare za ka ga ya nufo kwano da ɗoki, ya ɗauki ƙwaya, ya sake ta ta faɗi. Tsutsar ciki, da zazzaɓin da kaska ke kawowa, da ciwon ƙoda ko hanta, duk suna kashe marmarin abinci. In ƙin cin ya haɗu da amai, ko zawo, ko rama, ko kasala, ko yawan shan ruwa fiye da yadda aka saba, to, maganar ta likitan dabbobi ce, kada a tsaya gwada buhu bayan buhu.

Ta biyu, ko dai a ƙoshe ya ke? Nan ne mutane da yawa kan ruɗe. Busasshen abinci ruwan da ke cikinsa wajen kashi 10 ne cikin 100, na gwangwani kuwa wajen kashi 75 zuwa 80 ruwa ne. Watau in ka auna giram 100 na busasshe, wajen giram 90 abinci ne zalla, in ka auna giram 100 na gwangwani kuwa, abin da ke ciki bai fi giram 20 zuwa 25 ba. Ka ga ke nan, in da nauyi aka auna, busasshe yana iya tsayawa a madadin wajen ninkinsa huɗu na jiƙaƙƙe. Mutum ya cika kwano yadda ya saba, kare ya ci sulusi ya bar saura, sai a ce ya ƙi, alhali kuwa ya ɗauki rabonsa. Hanyar ganewa ita ce ka shafa haƙarƙarinsa. In kana jin ƙasusuwan da tafin hannu ba tare da ka danna ba, kuma ba su fito fili ana ƙirga su daga nesa ba, in kuma ka dube shi ta sama ka ga ƙugunsa ya ɗan shiga, to, abin da ya ke ci ya ishe shi.

Ta uku, wa ya koya masa? Kare dabba ce mai saurin ɗaukar darasi. In ya ƙi kwano da safe, uwargida ta ji tausayi ta miƙa masa tsokar kaza, to, ya koyi cewa ƙin ci yana da lada. Gobe zai ƙara jira. Yara kuma suna jefa masa loma a ƙarƙashin tebur, baƙo ya ba shi biskit. Kafin yamma ya tara abin da ya ishe shi ba tare da ya taɓa kwanonsa ba. Masana suna ba da shawara kada irin wannan ɗan abin marmari ya wuce kashi 10 cikin 100 na abincin yini.

In an amsa tambayoyin nan, sai a zo ga zaɓe. Kada hoton da ke jikin buhu ya ja ka, gama domin idonka aka yi shi. Juya buhun ka karanta ƙananan rubutu. A Ingila da sauran ƙasashen Turai dole ne a rubuta ko abincin cikakke ne, da kalmar Turanci "complete", ko kuwa na ƙari ne kawai, "complementary". Na farkon shi ne wanda kare zai rayu a kansa shi kaɗai, na biyun kuwa sai an haɗa shi da wani. A Amurka za ka nemi jimlar da ke cewa abincin ya cika ma'aunin wata ƙungiya da a ke kira AAFCO. A ma'aunin nan, abincin babban kare, bayan an cire lissafin ruwa, lalle ne ya ƙunshi furotin, watau abin gina jiki, aƙalla kashi 18 cikin 100, da maiƙo kashi 5 da rabi. Na kwikwiyo da karya mai ciki ko mai shayarwa kuwa, furotin kashi 22 da rabi, maiƙo kashi 8 da rabi. Saboda haka ka dubi shekarun karenka ka saya masa nasa. Kwikwiyon manyan iri, irin waɗanda in sun girma su kan kai kilo 32 ko fiye, yana da nasa dabam, domin yawan kalsiyam yana iya ɓata masa ginin ƙashi.

Kayan haɗi kuma a jere a ke rubuta su, mafi nauyi a farko. Amma a lura, ɗanyen nama wajen kashi 70 cikin 100 ruwa ne, kuma da ruwansa a ke auna shi kafin a dafa, don haka ya kan hau kan jeri cikin sauƙi. Garin busasshen nama da ya zo na biyu ko na uku yana iya fin sa ba da furotin. Game da hatsi kuwa, waɗansu na cewa kare jikan kyarkeci ne, bai kamata ya ci masara ko shinkafa ba. A shekarar 2013 Erik Axelsson da abokan aikinsa na Jami'ar Uppsala a ƙasar Suwidin suka nuna cewa ƙwayar gadon da ke sa jiki ya yi sinadarin narkar da sitaci, guda 2 ce a jikin kyarkeci, amma a jikin karnukan da suka gwada ta kama daga 4 har zuwa 30. Dogon zama da manomi ya sa cikin kare ya iya da hatsi, kuma karen da ya girma a kan tuwo shaida ne. Sai fa in likita ya tabbatar wani hatsi ba ya karɓar karenka.

Abu biyu kuma na ƙarshe wajen saye. Ka dubi girman ƙwayar, gama ƙaramin kare ya kan gaji da manyan ƙwayoyi. Sa'an nan ka fara da ƙaramin buhu, na kilo 1 ko 2. In bai karɓa ba hasararka kaɗan ce, in ya karɓa kuma zai ci shi da sauran ƙanshinsa.

Yanzu ga maganar sauyawa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ka bari sai tsohon abinci ya ƙare ƙaf tukuna ka sayo sabo, gama kana bukatar su biyun tare har mako guda. Dalili kuwa a cikin hanji ya ke. Akwai ƙananan halittu bila adadin da ke zaune a hanjin kare suna taya shi narkar da abinci, kuma irin da ke da rinjaye a cikinsu ya dogara ga abin da ya saba ci. In aka juya abinci dare ɗaya, abin da bai narke ba sai ya taru ya yi tsami, ya jawo ruwa cikin hanji, sai kumburin ciki da tusa da zawo.

Wannan ɓacin ciki yana da wata illa ta biyu wadda ta fi shafar mai zaɓen abinci. A shekarar 1955 wani masani Ba'amurke, John Garcia, da abokan aikinsa suka ba ɓeraye ruwa mai zaƙi, suka kuma haska musu wani haske mai sa tashin zuciya. Daga nan ɓerayen suka guji ruwan zaƙin nan har makonni, ko da ya ke da suna sonsa. Dabba ta kan haɗa ɗanɗano da ciwon da ya biyo bayansa, kuma sau ɗaya ya isa ta riƙe. To, haka kare ya ke. In sabon abinci ya murɗa masa ciki ran farko, yana iya ƙin sa daga nan, ko da abincin ba shi da laifin kome. Gaggawar mai shi ce ta ɓata.

Ga yadda za a yi. A raba abincin kowane ci kashi 4. Rana ta 1 da ta 2, kashi 3 na tsoho, kashi 1 na sabo. Rana ta 3 da ta 4, rabi da rabi. Rana ta 5 da ta 6, kashi 1 na tsoho, kashi 3 na sabo. Rana ta 7, sabo zalla. A cuɗa su sosai don kada ya tsince wanda ya ke so ya bar saura. Kowace safiya a dubi kashinsa. In ya fito a dunƙule, a ci gaba. In ya yi laushi, a koma matakin baya a tsaya kwana 2 ko 3 kafin a sake matsawa. Tsohon kare, ko mai raunin ciki, ko wanda duk rayuwarsa dafaffen abincin gida ya sani, a ba shi kwana 10 zuwa 14, a kuma fara da 'yan ƙwayoyi kaɗan a cikin abin da ya saba. Sannu ba ta hana zuwa.

Tare da wannan sai a tsai da lokacin ci. Babban kare sau 2 a yini ya ishe shi, safe da yamma. A auna abincin bisa nauyinsa yadda aka rubuta a buhu, a ajiye kwano a wuri mai natsuwa, a tafi a ba shi wuri. Kada a tsaya a kansa ana lallashi. Bayan minti 15 ko 20 a ɗauke kwanon, ko ya ci ko bai ci ba, kada kuma a ba shi kome sai ruwa har lokacin ci na gaba. Dole ne duk mutanen gida su yarda da wannan, har yara, gama mutum ɗaya mai tausayi ya isa ya rushe aikin mako guda. Lafiyayyen babban kare ba abin da zai same shi don ya tsallake ci ɗaya ko biyu, kuma fita yawo da shi kafin lokacin ci tana taimako. Amma in ya kai kwana 2 bai ci kome ba, a kai shi ga likita. Wannan horo kuwa ba a yi wa kwikwiyo, ko 'yan mitsi-mitsin karnuka, ko karya mai ciki, ko mai ciwon sukari, gama sukarin jininsu yana iya faɗuwa da sauri. Kada kuma a gwada shi a kan kyanwa ko kaɗan, domin ita 'yan kwanaki ba ci suna iya lalata mata hanta.

Akwai dabara mai sauƙi ta taimakon hanci. A zuba ɗan ruwan ɗumi a kan ƙwayoyin, a bari minti 5 ko 10. Ɗumin zai narkar da maiƙon nan na baya, ƙanshi ya tashi, ƙwayar kuma ta yi laushi. Ana iya ƙara cokali guda na abincin gwangwani a cuɗa, a riƙa ragewa a hankali. Abin da aka jiƙa kuma bai ci ba, a zubar, kada a ajiye, musamman a ƙasa mai zafi.

Sai dai a yi hattara da romon tukunyarmu. Miyarmu ba ta rasa albasa, sau da yawa da tafarnuwa, su biyun kuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ko ɗanye ko dafaffe. Inabi da zabibi suna iya kashe masa ƙoda. Cakulan guba ne gare shi, goro ma yana ɗauke da irin sinadaran da ke cikin cakulan da kofi, saboda haka kada a bar shi inda kare zai kai. Dafaffen ƙashi, musamman na kaza, ya kan tsage ya soki hanji. In za a yi masa romo, a dafa nama da ruwa zalla, ba gishiri, ba albasa, ba yaji.

Saura maganar ajiya, wadda ta fi shafar masu sauraronmu na bakin teku da kurmi, inda iska ke da laima. Daga ran da aka buɗe buhu, iska ta soma lalata maiƙon, kuma hancin kare zai ji haka tun kafin naka ya ji. Sau da yawa kare da ya ci rabin buhu lafiya ya ƙi sauran, wannan ne dalili. A sayi abin da zai ƙare cikin wata guda ko mako 6, a bar shi cikin buhunsa, a naɗe baki, a sa cikin mazubi mai murfi, a wuri mai sanyi marar laima, nesa da rana. A kuma duba kwanan watan da aka buga a jiki kafin a biya kuɗi.

Laima tana da haɗarin da ya fi wari, watau fumfuna. A shekarar 1960 talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila, aka bi sawu aka tarar garin gyaɗar da aka kawo daga Barazil ne ya yi fumfuna. Daga nan aka gano gubar da a ke kira afalatoksin, wadda manoman gyaɗa da masara suka san labarinta. Tana cin hanta, dafuwa ba ta kashe ta, kare kuwa yana cikin dabbobin da ta fi yi wa illa. A ƙarshen shekarar 2020 da farkon 2021 an janye busasshen abincin wani kamfani daga kasuwannin Amurka saboda ita, bayan an kai rahoton mutuwar karnuka fiye da 100. Ɗaya daga alamun farko na wannan guba shi ne ƙin abinci. Don haka in kare mai ci ya juya wa sabon buhu baya, ko ka ga ƙwayoyin sun dunƙule ko sun canza launi, kada ka tilasta masa. Wataƙila ya ji abin da kai ba ka ji ba.

Daga ƙarshe, ruwa. Kare da ya bar jiƙaƙƙen abinci ya koma busasshe ya rasa ruwan da ya ke samu a kwano, dole ya rama da sha. A ƙiyasi yana bukatar wajen mililita 50 zuwa 60 a kan kowane kilo na nauyinsa a yini, watau kare mai kilo 20 zai sha lita guda da ɗan ɗori, fiye da haka ma in ana zafi. A ajiye masa ruwa mai tsabta dare da rana, a riƙa wanke kwanonin duka biyu kullum, a ɗauraye su sosai.

To, jama'a, a taƙaice: a tabbatar da lafiyarsa tukuna, a karanta bayan buhu, a sayi kaɗan, a haɗa tsoho da sabo har kwana 7 ko fiye, a tsai da lokacin ci, a rufe bakin buhu. In an samu wanda ya karɓe shi, kashinsa ya daidaita, gashinsa yana sheƙi, to, a tsaya a kansa, kada a yi ta canje-canje. Dabbar da ke hannunka amana ce, ba ta da bakin faɗin abin da ke damunta, sai dai ka karanta a kwanonta.